Yadda Na Shafa wa Fijon Yayana Man Gyaɗa

A lokacin da abin ya faru ina ganin kaina masani, domin na yi aji huɗu a elementare, kuma a majalisarmu ta Gumel ni ke karanta wa tsofaffi takardar magani. Yayana marigayi ya bar Fijo 404 mai ruwan madara, shekara talatin yana wanke ta duk Juma'a. Matarsa ta damƙa mini makulli, ta ce in sa a sabunta fentin, kalar nan dai ta mai gidanta, don a cikinta take so ta je sunan jikarta a Ɗanzomo.

Mai fentin mota ya ce sai an kankare tsohon, an shafa na ƙasa, sannan a fesa gwangwani huɗu ana tsinka shi da tina. Na dube shi da tausayi. Na yi lissafina na boko: mota bango huɗu ce da rufi, ba ta kai rabin ɗakina ba. Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari na sayo fentin ƙofa gwangwani biyu da buroshi. Da ya yi kauri, na ce ai mai mai ne, na tuttula masa man gyaɗan da aka soya kifi da shi. Ina isa ƙofar baya ya ƙare, sai na cike da koren da ya rage a shagon maƙwabcina.

Jama'a, kwana biyar fentin nan bai bushe ba! Ga shi lokacin sussuka ne, mata na sheƙar gero a bayan gida. Ƙaiƙayi ya manne mata har ta yi gashi kamar tunkiya. Ƙudaje suka sauka, ba wanda ya tashi. Kiyashi suka yi layi, wani ƙadangare ya bar rabin wutsiyarsa a kan bonet. Ƙarnin kifin kuwa ya cika unguwa. 'Yan majalisa suka zo kallo, ɗaya yana tambayata ko ta isa a yi mata aski.

Ranar suna matar yayana ta zo, ta zagaya motar sau ɗaya tana toshe hanci da mayafi. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai ta yi gara da Allah bai nuna wa Malam, mai gidanta, wannan rana ba. Ta miƙo hannu, na sa mata makulli, ta tare adaidaita sahu ta tafi.

Abin da na koya, aji huɗu ba ya fentin mota. 'Yan'uwana tsofaffi, in mai sana'a ya ce huɗu, ku sayi huɗu, man gyaɗa kuma ku bar wa kifi. Motar ta gyaru a hannun wanda na raina. Ni dai har yau ko a kujerar baya ba a ce in shiga ba.