Sunan Kamfaninmu a Hannun Kuriakose

A shekarar 1979 na fara sanin Kuriakose, ranar da aka ɗauke shi buga teles, na'urar aika rubutaccen saƙo ta waya, a kamfaninmu na fitar da masoro a Kochi ta ƙasar Indiya. Ni Varkey, ni ne akawu. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Da a makarantar mishan ɗinmu ne, da Fada ya gasa masa yatsu da rula. Tun daga ranar ban saki jiki da shi ba.

Da teles ta mutu, maƙwabtanmu duk suka sallami masu buga ta. Kochamma Aleyamma, wadda ta gaji kamfanin daga mijinta, ta ƙi. Ta ce wanda ya ɗauki akwatin gawar maigidan ba zai bar gidan ba. Wata da watanni yana zaune yana shan shayi, har aka sayo kwamfuta.

A 1996 ya yi wa sunan kamfanin rajista a intanet. A lokacin can Amurka ake rubutawa, kuma wanda ya riga yin rajista, shi ke da suna. Sai na tarar sunansa ya sa a matsayin mai shi.

Na ce, “Kai Kuriakose, yaushe ka gaji kamfanin ban sha shayin murna ba?”

“Haba yaya, adireshin intanet suke tambaya, kuma Kochamma ba ta da shi. Ko na coci zan ba su?”

Kafin shekara ta zagayo, duk odar Jamus ta wannan suna take shigowa. Jaridu kuwa kullum rigima: Amurka ce za ta riƙe sunayen duniya, ko wani kwamiti a Geneva? Ba wanda ya san wurin kai ƙara. In Kuriakose ya sayar da sunan, mun rufe.

Ana haka wani Bature ya sauka daga wani kamfanin Amurka mai irin sunanmu. Da idona na gan su a otal ɗin bakin ruwa, Kuriakose yana ɓare soyayyen kifi, Baturen yana ta zuba. Na gaya wa Kochamma. Ta ce, “Bari ya ci kifinsa, Varkey.”

Ran Litinin Baturen ya shigo ofis, gumi har kwala, yana neman mai sunan. Na nuna masa Kuriakose.

Baturen ya ce, “A'a, wannan ya ce ba nasa ba ne. Na duba, tun makon jiya ya koma sunan wata Aleyamma, har da adireshinta na intanet.”

Kochamma ta ba shi shayi, ta ce ba na sayarwa ba ne.

Na juya wurin Kuriakose. “To kifin fa?”

“Shi ya gayyace ni, yaya. A mishan koya muku aka yi a ƙi abinci?”

Kuriakose ya rasu bara. Har yau ban san nawa aka taya masa ba, ko kuma sau nawa ya yi lissafi kafin ya ƙi. Kochamma dai bai taɓa ce mata komai ba. Adireshin ma da ya buɗe mata don a mayar da sunan, sai a bakin Baturen ta ji.