Harsashin da Na Zuba wa Bindigar Baba

Bindigar Babanmu ta ɗuri ce, amma ba irin ta sauran maharban Kwandiko ba. Tasu cikin bututunta sumul yake, ko guntun ƙusa ka ɗura mata sai ta tofar. Ta Baba kuwa, in ka leƙa ta wajen haske, za ka ga zane ya murɗa tun daga baki har gindi. Wannan murɗin ne ke juya harsashi ya tafi a miƙe, kuma shi ya sa take da zaɓe. Baba da kansa yake narka dalma ya zuba a mazubi, in ta huce ya ɗora harsashin a tafin hannu ya jinjina, ya kankare da wuƙa, ya sake jinjinawa. Sai ya yi rabin yini a kan guda biyar.

Ni a wurina duk fi'ili ne. Ga ni magidanci da 'ya'ya uku, ban taɓa zama na koya ba. Harbi dai na iya, muddin shi ya miƙo min harsashin.

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi a asibitin Birnin Kudu, abinci ya fita a ransa. Inna ta yi duk dabararta, ya ƙi. Ran nan ina zaune a gefen gadon ya ce, "Da zan sami romon gada, da na sha." Na ce masa gobe-goben nan, in sha Allahu.

Na koma gida na tarar jakar harsashin wayam. Na hura wuta na narka dalma, na zuba guda shida. Ban kankare ko ɗaya ba. Na ce a raina ai mai nauyi shi ya fi kayar da nama, tsohon nan asarar dalma kawai yake yi.

Da safe na shiga daji, a bakin fadama na ga gada tana kiwo, kusa ƙwarai. Na saita na harba. Wani irin gurnani harsashin ya yi a iska, ƙura ta tashi can gefe, gada ta yi nata wuri. Na gwada a jikin kuka, sai na ga ramin dogo ne, ashe a gicciye harsashin yake zuwa. Kwana uku ina yawo ina zagin bindigar da ba ta yi min laifin komai ba.

A na huɗu na sayi naman akuya, matata ta yi farfesu ta cika masa yaji, na hau mashin na kai. Baba ya kurɓa sau biyu ya ajiye cokali.

"Akuya ce," in ji shi, yana murmushi. "Ba ka rage wa harsashin ba ko? Murɗin bindigar ba mai sauri ba ne, ba ya iya juya dogon harsashi. In akwai ɗaya a jikinka kawo in nuna maka."

Ya buɗe tafin hannunsa a kan bargo. Hannun ya rame. Kunya ta kama ni, ga Inna na kallo, ga mutanen gadon kusa sun kasa kunne, ni kuma ba na son a gyara min a gaban jama'a.

Na ce, "Babu, Baba. Ka warke tukuna, ma zauna a gida."

Ya ce to, ya rufe hannun. Bai koma gida da ransa ba.

Tun daga nan na narka dalmar da ban san iyakarta ba. Nakan jinjina a tafina, in kankare, in sake jinjinawa, hannuna bai gaya min komai. Na zaga maharban yankinmu na Gwaram, kowa ya leƙa bututun sai ya ce wannan sai mai ita. Ina kewar Baba ƙwarai, amma abin da ya fi ci min rai shi ne, lokacin da na ce masa babu, akwai guda biyu a aljihun rigata.