Duwatsun Hogla Ungozoma

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu Ayin-Tamar cikin shekara talatin ɗin nan, hannun Hogla ne ya fara taɓa shi kafin na uwarsa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga murya irin ta mai kiran awaki daga kan tudu. Ba ta iya lallashi da baki ba. In mai naƙuda ta fara ihun ta mutu ta lalace, sai ta ce, "Ki bari sai gobe ki mutu, yau muna da aiki." Amma hannunta kam, ban taɓa ganin mai sanyi irinsa ba. Takan ɗora tafinta a kan cikin mace, ta lumshe ido, ta gaya mata inda kan ɗan yake da inda ƙafarsa take, kuma haka za a tarar. Ni ce Ma'adana maƙwabciyarta, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ni na jawo abin da zan ba ku labari.

Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai wuƙar yankan cibi, da gishirin goge jinjiri, da tsummokin naɗe shi, sai duwatsu biyu masu faɗi da mai haihuwa ke tsugunawa a kai. Wurin uwarta ta gaje su, wadda ita ma ungozoma ce. Sawun mata ya riga ya lotsa su a tsakiya. In an kira ta sai ta ɗora su a bayan jakinta, in an gama ta wanke su ta jingine a bayan randa.

Ni 'ya'ya huɗu na binne kafin in haifi Tirza. Da ta zo, bayan kwana biyu ina kan duwatsun nan, na kuma ji kukanta, sai godiya ta cika ni ta rasa inda za ta sauka. Ranar da na fara fita na ɗauki ɗan tulun man zaitun na shiga gidan Hogla, na tsiyaya wa kowane dutse kaɗan. Hogla ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke Ma'adana, man ne ya yi miki yawa? Kawo in zuba a gurasa."

A lokacin kuwa ni ban ɗauki kaina mai tsafi ba, ko kusa. Ban taɓa hawa tudun nan da ake ƙona turare a gindin gunkin itace ba. Ban taɓa sayen 'yar tsanar yumɓun nan mai riƙe da nonuwanta, da mata ke ɓoyewa a lungun ɗaki ba. Har kallon banza nake yi wa masu yi, ina cewa sun bar Ubangijin da ya fito da kakanninmu daga bauta sun koma bin ƙasa da itace. Nawa dai ai godiya ce kawai, haka nake gaya wa kaina.

To, abin da mace ɗaya ta yi a ƙauye, goma sun gani. Aka kuma yi sa'a, shekaru suka yi ta wucewa ba a rasa mace ko ɗaya a kan duwatsun ba. Sai wannan ta zo da mai, waccan ta ɗaura musu jan zare, wata ta ajiye curin zabibi a gabansu. Waɗanda ba su samu haihuwa ba suka fara zuwa su ɗan zauna a kai. Kafin a ankara har an raɗa musu suna, ana ce musu Uwaye. Sai ki ji mace mai hankalinta tana cewa, "Uwaye sun sauke 'yata lafiya," alhali Hogla ce ta wuni a durƙushe da jini har gwiwar hannu.

Dariyar Hogla ta koma faɗa. Ta kori mata da tsintsiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma in ta tafi rafi sai su lallaɓo. Ni kuwa, ko da nake jin kunya yanzu, ni ce jagorarsu.

Tirza ta girma, ta auri Elishama mai matsar man zaitun, suka zauna a ƙarshen gari. Da cikinta ya tsufa, Hogla ta duba ta, ta daɗe tana shafawa, ta kuma sake shafawa.

"A gicciye yake kwance, ɗan banza," in ji ta. "Tirza, ki saurare ni da kyau. Da ciwo ya taɓa ki, ko ranar Asabar ce da ba a aiki, a kira ni. Kada a jira ruwa ya fashe. In na zo da wuri zan juya shi, in an makara ban sani ba."

Tsoro ya kama ni, gama Tirza kaɗai gare ni a duniya. Washegari na yi curin zabibi mafi girma da na taɓa yi, na sayi turaren lubban, na tafi wurin Uwaye. Mata kusan shida na tsakar gidan ana hira. Ina durƙusawa Hogla ta fizge curin daga hannuna ta miƙa wa akuyarta.

"Ungo, ci. Ke ko ba komai kina ba ni nono."

Mata suka tuntsire da dariya.

"Yaya Hogla, wallahi kin cika girman kai! Ke kin ɗauka hannunki ne ke saukar da mata?"

"Ni ban ce ba. Wanda ya yi ki, ya yi dutsen, shi ke buɗe mahaifa. Ni dai in kai ya karkace ina miƙe shi. Su kuwa waɗannan, tambaye su ko sun taɓa miƙe wani abu. Tambaya mana, ga su nan, muna jin amsa."

Na kwashi turarena na fita. Wata guda ban ce mata ko sannu ba, in mun haɗu a rafi sai in kau da kai.

Ranar ta zo a tsakiyar kakkaɓar zaitun, lokacin da kowa ke gona. Gari na wayewa ciwo ya kama Tirza. Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, kira Gwaggo Hogla." Na ce to. Na fita da niyyar kiranta, Allah ya sani. Na isa gidanta na tarar ta riga ta tafi itatuwanta da ke gangaren tudu, inda ko daga bakin ƙofa in na ɗaga murya za ta ji. Amma ga Uwaye a bayan randa, ga jaki a ɗaure. Na tsaya ina tuna dariyar matan nan da bakin akuya yana taunar zabibina. Na ce a raina, yau za ta ga ko wa ke saukar da mata. Na ɗora duwatsun a kan jakin na koma.

"Ina Gwaggo?" in ji Tirza.

"Tana tafe. Hau dai ki tsuguna."

Na juye musu tulun mai guda cur, na kunna turare har ɗakin ya turnuƙe. Tirza ta ɗora ƙafa, santsin man ya kwashe ta, na taro ta. Ta sake hawa, ta sake zamewa. Haka muka yi ta fama, ina riƙe da ita ina kiran Uwaye, tana kiran Hogla. Ruwa ya fashe. Elishama ya dawo daga wurin matsa ya tsaya a waje.

"Inna, wai ungozomar ba ta iso ba har yanzu?"

"Kai, ina ruwan namiji da ɗakin haihuwa? Koma bakin aikinka."

Rana ta take tsaka, muryar Tirza ta dushe. Na leƙa in ga ko kai ya fito, sai na ga ɗan hannu, ƙarami, ya yi shuɗi. Nan ne hankalina ya dawo jikina. Na fita a guje ba mayafi, ni tsohuwa, ina faɗuwa ina tashi, har gangaren tudu.

Hogla na riƙe da doguwar sanda tana kakkaɓe reshe. Da ta ga fuskata ta yar da sandar.

"Tun yaushe?"

"Tun wayewar gari."

Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dube ni. Ta tattare zaninta ta zura a guje, ta bar takalmanta a gindin itacen, ban kuwa cim mata ba sai a ƙofar ɗaki.

Tana shiga ta sa ƙafa ta ture duwatsun gefe, ta jefar da kaskon turaren waje. Ta kwantar da Tirza a tabarma, ta sa ni na ɗaga ƙugunta a kan cinyoyina. Ta wanke hannu, ta lakato man da ke malale a ƙasa ta shafa har gwiwar hannu. "Tirza 'yata, zan ji miki ciwo, ki zage ni in kina so, amma kada ki yi nishi sai na ce." Ta mayar da ɗan hannun, ta yi ta lalube da ido a rufe, gumi na ɗiga daga haɓarta, har ta kamo ƙafafu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Namiji ne. Ta share masa baki, ta hura masa iska, ta murza bayansa, ta sake hurawa. Bai motsa ba.

Sai jini ya ɓalle wa Tirza. Hogla ta miƙo mini jinjirin, ta danna dunƙulen hannunta a marar yarinyar da duk ƙarfinta. Na ji tana cewa a hankali, "Ya Ubangiji, ka karɓi ɗaya, ka bar mana ɗaya." Ba ta ɗaga hannun ba sai da inuwa ta kai bangon gabas, jinin kuwa ya tsaya. Daga nan ta karɓi yaron ta wanke shi, ta goge shi da gishiri, ta naɗe shi tsaf kamar yadda take yi wa masu rai, kafin ta miƙa wa ubansa.

Washegari mata suka cika ƙofar gidanta. Magana ta riga ta zaga cewa Uwaye ne suka yi fushi saboda abin da aka bai wa akuya. Ina tsaye a cikinsu, kalma ɗaya daga bakinta ta isa a san abin da na yi. Ta fito da dutse ɗaya a ka.

"Ku daina neman mai laifi, ga ta nan a gabanku," in ji ta. "Shekara ashirin ina kallo ana zuba musu mai. Na yi dariya, na yi faɗa, amma ban rabu da su ba, don na uwata ne, in na taɓa su kamar na taɓa ta. Ashe ni ma na so su fiye da kima. Ga abin da ya jawo."

Ba ta fasa su ba, don ta san halinmu, da tsintar ɓaraguzan za mu yi mu rataya a wuya. Ta kai su ɗaya bayan ɗaya tsohuwar rijiyar da ta ƙafe a bayan masussuka, ta sake su a ciki. Da za ta saki na biyun ta daɗe tana riƙe da shi a ƙirjinta, hawaye na zuba. Sannan ta sa Elishama da 'yan'uwansa suka cike rijiyar da ƙasa. Wasu gidaje sun daina kiranta daga ranar, suka koma ɗauko ungozoma daga ƙetaren kwari. Da aka gaya mata ta ce, "Ta iya aiki, amma ku riƙa kiranta da wuri."

Tirza kuwa ba ta fita daga hatsari ba. Ta juya fuska ga bango, ta ƙi ci, ta ƙi sha, ga shi ta zubar da jini mai yawa. In na shiga ɗakin sai ta rufe ido. Kwana huɗu ke nan, leɓɓanta sun tsattsage, Elishama na zaune a ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Hogla ta zo da romon tantabara a kwano, ta lallaɓa iya lallaɓar da ta iya, yarinya ba ta ko juyo ba. Sai ta fito ta same ni a tsakar gida.

"Tashi. Ba romo take jira ba."

"Yaya, ba ta son ganina."

"Ni ma ba son ganinki nake ba, amma ga ni. Tashi, kafin ki binne ta biyar."

Ta ja ni har gaban tabarmar, ta danna kafaɗata na durƙusa. Hogla ta zungure ni da gwiwa.

"Tirza," na ce, "da kika ce in kira ta, na ji ki. Na je har ƙofarta. Da na ɗaga murya da ta ji. Ban kira ba, duwatsu na ɗauko. Da kika tambaye ni kuma na yi miki ƙarya. Ni na kashe miki ɗa."

Can kafaɗar Tirza ta fara rawa, sai kuka ya ƙwace mata, kukan da ba ta yi ba tun ranar. Hogla ta bar ta ta yi mai isarta, tana shafa mata baya. Da ya lafa ta tallafo ta zaune, ta jingina ta da ƙirjinta, ta tura mini kwanon.

"Hannuna biyu duk a cike suke. Ke ki ba ta."

Na ɗebo romon, rabi ya zube a tabarma. Tirza ta daɗe tana kallona, ido jawur. Sannan ta buɗe baki ta sha.