Hanyar da Tanko Bai Bi Ba

A wayata akwai wani shafi da na buɗe shekaru da dama da suka wuce, na sa masa suna "Da ya juya". Har kwanan nan babu ko harafi ɗaya a ƙarƙashin sunan. Asalin shafin yana Enugu, a gidan hayar da na tashi, ba nisa da kasuwar Ogbete.

Gidan irin mai ɗakuna a jere ne suna kallon juna, da ɗan fili a baya inda ake girki da shanya. Mahaifinmu mahauci ne, tun asuba yake fita. Mahaifiyarsa, Kaka Dije, ta zo daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina domin a duba mata ido, da niyyar yin 'yan watanni, sai ta yi shekaru. Ba ta iya zama haka nan, don haka ta kama suyar gyaɗa. Bayan magariba take hura wuta, ta ɗora kasko da yashi. Mu yaran gidan aikinmu murje ɓawo, mu fece a tire, mu ɗura a kwalabe kamar yadda ake sayarwa a Kudu. Ladanmu tatsuniya. Sau da yawa an ɗauke wuta, janareton maƙwabta yana ruri, ana jiyo waƙa daga cocin da ke bayan katanga, ruwan sama yana shirin sauka a kan kwano. Duk wannan ba ya hana ta.

"Ga wata baƙuwa ta taho daga nesa," in ji ta, da haka take buɗe kowace tatsuniya.

Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Kaka Dije tana da wata al'ada da ban taɓa gani wurin kowa ba. Idan labari ya kai inda ya kamata mutumin ciki ya yanke shawara, sai ta yi shiru, ta baza sanyayyen yashi a gabanta, ta ja layi biyu da yatsa. Wanda ya riga kowa cika kwalbarsa shi ke da ikon taɓa layi ɗaya, kuma nan labarin zai bi. Yawanci yayata Binta ce ke ci, domin hannunta ya fi namu sauri. Amma ranar labarin Tanko ni na ci.

Tanko mai kora shanu ne. Ya taso daga Arewa a ƙafa, yana sayarwa a hanya, har ya rage daga shi sai saniya ɗaya mai suna Fara. Ya iso bakin wani kogi da ba a hango ɗaya gaɓarsa. Mai fito ya ce masa, "Jirgina kai mutane yake yi, ba ya dawo da su." Daga ƙetare Tanko yana jin gangunan kasuwa. Daga bayansa kuma iska tana kawo masa ƙanshin hayaƙin murhun gidansu. Nan Kaka ta ja layinta biyu.

"To, maigida," ta ce da ni, don haka take tsokanata, "kai da ko sabulu ba ka taɓa saya mini ba, yau ga iko a hannunka. Ya haye, ko ya juya?"

Yara suka ɗauki ihu, "Ya haye! Ya haye!" Ni ma abin da nake so ke nan. Wa zai bar ganguna ya bi hayaƙi? Na taɓa layin hayewa.

Tanko ya haye, ya tarar da kasuwar da ba a karɓar kuɗi, sai kalmomin garinku. Ya sayi riga da kalma ɗaya, ya sayi gida da wata, ya sayi doki da wata. Duk kalmar da ya bayar, ta fita daga bakinsa ke nan. Ya yi arziki, ya yi suna, har ya wayi gari kalma ɗaya ce ta rage masa daga gida: sunan saniyarsa. Aka yi masa tayin rabin kasuwar a kanta, ya ƙi. Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake kuka.

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji Kaka. "Ku tashi, ga kiran isha'i can."

Ban tashi ba. Na ce, "Kaka, da ya juya fa?"

Ta share yashin da tafin hannu. "A wurina ba a komawa baya, maigida. Ka zaɓa, ka zaɓa. In kana son waccan, ka cika kwalbarka ranar da labarin ya sake zagayowa."

Ya zagayo kuwa, amma wasu suka ci, kuma kowa hayewa yake zaɓa. Bayan wata damina Kaka Dije ta ce ta gaji da ƙasar da tufafi ba sa bushewa. Aka saka ta a mota zuwa gida. Can ta rasu, ba mu sake ganinta ba.

Ina sakandare na fara wasannin kwamfuta, a wata tsohuwar na'ura da ke shagon buga takardu na wani ɗan'uwanmu. Har yau ina yi, kuma tsofaffin nake bi, masu labari, waɗanda hotunansu ɗigo-ɗigo ne, rubutunsu ya fi motsinsu yawa. Ra'ayina a kansu bai canja ba. Sababbin sun fi kyan gani, ba musu. Amma suna ɗora maka kibiya a allo tana nuna inda za ka bi, kamar an riƙe hannunka. Tsofaffin kuwa sakin ka suke yi. Wani tsoho a cikin wasan zai gaya maka magana sau ɗaya, idan ba ka saurara da kyau ba, sai ka kwana kana yawo a daji. Suna ɗaukar ka mutum mai kunne. Wannan ne ya fara tuna mini da gaban kaskon gyaɗa.

Aibinsu ɗaya a wurina shi ne abin da masu wasa suka fi so: kana iya ajiye inda ka tsaya kafin mararraba, ka bi dama, in bai yi maka ba ka dawo ka bi hagu. Na yi shekaru ina haka, ina leƙa kowace hanya. Sai na lura cewa wasan da na ga duk ƙarshensa ba na tunawa da shi. Wanda na bi sau ɗaya na haƙura da abin da ya same ni, shi ne ke dawo mini ina kan okada, wato acaɓa, ko ina layin ɗiban ruwa. Yanzu ba na komawa baya.

Wasannin ne suka kai ni ga manhajojin adana rubutu, domin dole ka rubuta abin da aka gaya maka. Na gwada da yawa. Ba na son waɗanda sai da data suke buɗewa, ko masu kwashe rubutunka su kai inda ba ka sani ba. Na tsaya a kan wata mara ado, wadda ke barin rubutu a cikin wayarka, kuma tana ba ka damar ɗaure shafi da shafi. A ciki na fara tattara tatsuniyoyin Kaka Dije, kowace mararraba da shafinta. Manhaja tana riƙe abin da ka sani da amana. Amma tana kuma nuna maka abin da ba ka sani ba ƙuru-ƙuru. Duk sanda na buɗe Tanko, ga layi biyu: ɗaya cike, ɗaya fari fat.

'Yata ta fari sunan Kaka aka sa mata, muna kiran ta Ummi. A Enugu aka haife ta. Hausarta tana da kyau, amma da Inyamuranci take faɗa da ƙawayenta, kuma idan ta matsu Pidgin ne ke fitowa. Wani yammaci da aka ɗauke wuta na ce bari in gwada mata Tanko. Ba yashi, sai na ajiye cokula biyu a kan tabarma. Na kai shi bakin kogi, na yi shiru. Ban ko yi shakkar hayewa za ta zaɓa ba, na riga na shirya kasuwar kalmomi a bakina.

Ta taɓa cokalin hagu. "Ya juya."

"Ummi, ba ki ji ganguna ba? Can ake wasa fa."

"Abeg, Baba. Mamarsa tana jiran shi. Ya juya."

Na ce sai gobe, baƙuwa ta gaji. Ta harare ni. "Ka manta ne kawai," ta ce. Na san idan gobe ta zo ba ni da komai, ba za ta sake neman tatsuniya a wurina ba, za ta koma kan wayar uwarta.

Da safe na kira Yaya Binta, wadda yanzu take Onitsha da iyalinta, tana sayar da kayan miya a Kasuwar Relief. Muka gaisa, na tambayi maigidanta da yara da kasuwa, sannan na kawo maganar. Ita ce ta fi kowa zama da Kaka, in akwai wanda ya ji ɗaya hanyar, ita ce.

Ta yi dariya har da tari. "Wai kai har yanzu kana bakin kogin nan? Da gemunka?"

"Yaya, don Allah. Yarinya ce ta tsare ni."

"Ai ni ma na tambaye ta, muna wanke kasko. Ta ce, 'Binta, ina zan sani? Ba wanda ya taɓa aike ni can. Sai yaro ya taɓa layi nake ganin abin da ke ciki.' Ka ji. Babu wani abu da ta tafi da shi." Muryarta ta ɗan sauka. "Amma ta ce ta so a ce wani ya zaɓa, ko sau ɗaya."

Muka yi sallama. Shekara da shekaru na ɗauka wani abu ne ya ɓace. Ashe tsohuwa ce a baƙon gari, tana jan layi biyu a yashi, tana jiran jikan da zai mayar da ita gida ko da a labari ne, mu kuwa kullum muna tura ta ƙetare saboda ganguna.

Bayan magariba Ummi ta kawo cokulan da kanta. Na kifa wayar a gefe.

"Sai Tanko ya ce wa mai fito ya gode," na fara, ban san jimla ta gaba ba. "Ya juya kan Fara, suka bi ƙanshin hayaƙin nan. Suka yi ta tafiya, har ƙasa ta fara bushewa, har rigarsa ta daina ɗanshi, har ya hango katangar garinsu."

"Wa ya fara gani?" in ji Ummi.

Sai na gan ta, a sarari, kamar an ɗaga fitila.

"Wata tsohuwa," na ce, "zaune a ƙofar gida, tana suyar gyaɗa. Ta ɗago kai ta ce, 'Maigida, sai yanzu?'"