Ranar da Ammu Subhi Ya Yabi Ud Ɗinsa

Shekara talatin da ɗaya ina guga a ƙasan benen da Ammu Subhi yake zaune a unguwar Bahari, ban taɓa jin ya faɗi alheri a kan wani abu nasa ba. In ka ce rigarsa ta yi kyau, ya ce gwanjo ce. In ka tambayi lafiyarsa, sai ya kama ƙugu, alhali hawa huɗu yake hayewa ko haki ba ya yi. Da 'yarsa Nermin ta zo ta ɗaya a makarantar haɗa magunguna, cewa ya yi da ƙyar ta tsallake. Mu mutanen Iskandariyya duk muna tsoron kambun baka, ni ma akwai shuɗin dutse rataye a ƙofar shagona. Amma nasa tsoron ya wuce misali, wani lokaci har haushi yake ba ni.

Direban taragon cikin gari ne har ya yi ritaya, ranar Alhamis kuma yana kaɗa ud, wato garayar Larabawa, a gidajen biki. Abin da ya samu a bikin bai taɓa shiga tukunya ba, kayan kiɗa yake saye. Ud bakwai ya tara, irin namu mai ƙaton ciki da gajeren wuya, da jita huɗu da ya saya hannun ma'aikatan jirgin ruwa, da goge guda wanda bai ma iya ba. Tun rasuwar matarsa Ni'imat su ne abokan zamansa. Kullum da hantsi sai ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya share, ya ɗan taɓa tsirkiyar kowanne, ni kuma ina ji ta taga ina guga.

Bara ruwan hunturu ya huda rufin benen, ya ɗiga dab da inda jitocin suke. Nermin ta zo daga Alƙahira, ta dubi bangon da ya jiƙe da wayoyin wutar da suka girme ta, ta ce magana biyu ce. Ko a yi wa kayan inshora, ko ta kwashe su zuwa gidanta inda ba ya yoyo. Nermin kuwa ba ta faɗa ta fasa. Ammu Subhi ya san in kayan suka tafi, sai dai ya riƙa ganinsu daga salla zuwa salla, don haka ya ce a kira masu inshorar.

Ranar da za su zo ya aiko in hau. Wai in zama shaida, amma na san so yake a samu mai goya masa baya. Wadda kamfanin ya turo wata dattijuwa ce, Ustaza Rawiya, da tabarau a rataye a wuya da 'yar fitilar leƙa cikin kayan kiɗa. Tana shiga ta ce masha Allah, shi kuwa ya yi sauri ya tare ta.

"Tarkace ne, ya Ustaza. Kin wahalar da ƙafarki."

Ta ɗauki jita ta farko. Ya ce wuyanta a karkace yake. Ta ɗauki ta biyu, ya ce wani Bagirke ne ya yar a tashar jirgin ruwa. Gogen kuwa, in ji shi, ko kyanwa ta fi shi murya. Matar tana ji tana rubutawa, Nermin tana tsaye bakin ƙofar kicin, fuskarta ta haɗe.

"Baba, abin da ka faɗa shi take rubutawa fa," in ji Nermin. "In ka ce tarkace ne, tarkace za su ɗauka. Wa zai yi wa tarkace inshora?"

"To ƙarya zan yi mata? Hilmi, kai ka faɗa, ba tarkace ba ne?"

Na ce ni guga na sani. Ya harare ni, ya ce daman tun da nake ban taɓa amfanar kowa ba, ko kwalar riga ban iya tsayarwa ba.

Aka zo kan na ƙarshe, ud ɗin da ke rataye shi kaɗai nesa da taga, a cikin rigar ƙyalle. Duk unguwa ta san shi ne yake kaɗawa in abu ya dame shi. Ustaza Rawiya ta zare rigar, ta haska ciki, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta ɗago ta dubi Ammu Subhi, ta dubi ƙaramin tafin hannun azurfa na maganin kambun baka da aka ɗaure a wuyan ud ɗin. Na ga lokacin da ta gane irin mutumin da take gabansa. Ita ma ai 'yar gari ce, ta ce a unguwar Anfushi aka haife ta.

"Wannan fa, ya Haj?"

"Itacen girki," ya ce, yana kallon bango.

"Gaskiyarka," ta ce, ta juya shi da hannu ɗaya kamar mai duba kankana. "Aikin ɗan koyo ne. Dubi yadda aka haɗa bayan, ko akwatin tumatir an fi kula da shi. Irinsa ake rataya wa baƙi a shagunan bakin teku. Wannan ba zan ma sa shi a takarda ba, Doktora Nermin ta tafi da shi yara su yi wasa."

Ina jin ta yi haka ne don ta kwantar masa da hankali, ta nuna masa idonta ba ya kan abinsa. Ko kuwa da gangan ta tsokane shi, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne shekara da shekaru Ammu Subhi yana zagin ud ɗin nan, amma bai taɓa jin zagin daga bakin wani ba. Kunnuwansa suka yi ja. Ya miƙe ya karɓe shi daga hannunta da hannu biyu.

"Ɗan koyo? Usta Girgis, gwanin masassaƙa, shi ne ɗan koyo? Sake haska fitilar taki ki karanta sunan. Wannan ne na ƙarshe da ya yi kafin idonsa ya tafi. Bayan nan katakon gyadar Sham ne, sala ashirin da ɗaya, ki sa farce ki nemo mini inda suka haɗu. Daga nan har Aswan babu mai muryarsa. Babu."

Ya zauna ya kaɗa, bai fi minti biyu ba. Ni da nake jinsa kullum ta taga, ranar ce na fara jinsa a ɗaki ɗaya, sai da tsigar jikina ta tashi. Da ya tsaya, Ustaza Rawiya ta mai da tabaranta, ta yi ta rubutu. Na zaci zai hau neman tsari yana tofe-tofe saboda abin da bakinsa ya saki. Bai yi ba, ya dai zauna rungume da ud ɗin.

"Awarwaronta ta sayar," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Uwarki, Nermin. Ta je Alƙahira ita kaɗai a jirgin ƙasa ta ɗauko shi, ban sani ba. Na kaɗa, ta ce, ya yi kyau, Subhi? Na ce ba laifi. Shekara ashirin da shida tana jin ina ce masa itacen girki."

Nermin ta koma cikin kicin, muka ji ta buɗe famfo. Ni dai na ji kunya da tausayi sun rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

An sake bin jitocin da gogen da sauran ud ɗin daga farko, wannan karon yana faɗin gaskiya, ko da yake a ƙasa-ƙasa, kuma sai da ya sa na rufe taga. Ya sa hannu a takardar, Nermin ta ce kaya sun zauna. Ustaza Rawiya tana haɗa jakarta ta tuna masa cewa inshorar ta cikin gida ce kawai, in ya fita da wani abu ya lalace, babu ruwan kamfani.

"In na fita da wannan ɗin fa, sau ɗaya?" ya tambaya. "Ranar Juma'a, zuwa maƙabarta."

"Kiɗa a maƙabarta, ya Haj?"

"Ba kaɗawa zan yi ba. Magana ce zan faɗa mata, kuma gara yana wurin."

Ta sake zama, ta ciro takardar daga jaka, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa.