Arlis da Ya Binne Uwarsa a Rediyo

A Laurel Fork, in ka ambaci Arlis Tackett, ba wanda zai ce maka direban motar 'yan makaranta, ko da yake rabin rayuwarsa a kan sitiyarin nan ya yi ta, yana hawa da gangara a duwatsunmu na gabashin jihar Kentucky ta Amurka, bai taɓa jefa ɗan kowa a rafi ba. Abin da za a ce maka shi ne, "Au, wanda ya binne uwarsa a rediyo?"

Kowace Asabar da safe ƙaramin gidan rediyon gundumarmu yakan ba makaɗan gari fili. Ran nan mu ne a ciki: Arlis da banjonsa, wato molon mutanenmu, Verlin Hensley da goge, ni kuma a baya rungume da bas, ƙaton gogen nan mai kaurin murya da ya fi ni tsayi. Muna gama tsoffin waƙoƙi, sai Arlis ya matso ya ce yana da sabuwa, tasa ta kansa. Wata uwa ce ta kwanta ranar Laraba, ta cika ranar Alhamis, aka kai ta kan tudu ƙarƙashin bishiyar tuffa, kujerarta mai lilo na nan a baranda ba kowa a kai. Duk wannan ba laifi ba ne, don a irin kiɗanmu na gargajiya, bluegrass, da wuya uwa ta kai baiti na uku da rai. Kuskurensa ɗaya ne. Yana neman sunan da zai zauna daidai a bakin waƙar, sai ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi: Ozella. Kuma da ya zo kan kujerar nan, muryarsa ta karye da gaske, har sai da Verlin ya ja goge ya rufa masa asiri.

To, Goggo Ozella, mahaifiyarsa, ba ta je addu'ar Laraba a coci ba saboda mura. Wayarta kuma a kashe take tun safe, don ba ta son a dame ta ran da take dafa koren wake tana ɗurawa a kwalabe. Matan gari suka haɗa wannan da wancan, kowace ta kunna murhu don kai abinci gidan makoki.

Kafin rana ta take, motoci sun cika bakin rafin da ke gaban gidanta. Soyayyar kaza, wake da burodin masara, dankali da cuku, kek iri-iri, kowane kwano da sunan mai shi manne a gindi don kada ya ɓata. Fasto Ledford ya zo cikin baƙar kwat, yana ta mitar an yi jana'iza ba a neme shi ba. Aka ƙwanƙwasa. Goggo Ozella ta buɗe, da ludayi a hannu.

Novella Combs, ƙawarta tun ƙuruciya, ita ce a gaba. Ta zauna daɓas a kan matakala, amma ba ta saki abin da ta riƙo ba.

"Lafiya?" in ji Goggo.

"Ozella... ai ke... ba ke ce..."

"Ni ce me?"

Fasto ya cire hula. "Goggo, a rediyo muka ji kin riga mu gidan gaskiya."

"Wa ya faɗa?"

"Arlis."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi kwanukan. "To ku shigo da su, tunda kun dafa. Shi kuma zai zo ya same ni."

Da muka iso, gida ya cika, ana ta ci, marigayiya na zagayawa tana ɗaga kwanuka tana karanta sunaye. A nan ta gano abin da ya fi mutuwar ƙona mata rai.

"Novella, tun muna 'yan mata benci ɗaya muke zama a coci. Ranar mutuwata, kek ɗin kanti?"

"Ai ba ki ba mu sanarwa da wuri ba," in ji Novella.

Sai Goggo ta hango ɗanta yana laɓe bayan Fasto. "Zo nan, mawaƙi. Me ya kashe ni?"

"Mama, waƙa ce fa."

"Na ce me ya kashe ni?"

"Zazzaɓi."

"Zazzaɓi! Ni da na haifi bakwai, na yi jinyar ubanka har ya tafi, zazzaɓi ne zai ɗauke ni kwana ɗaya?" Ta nuna shi da ludayin. "Daga yau, ka sake saka ni a waƙa, a raye ko a mace, kai za a kawo wa kaza."

Matsalar Arlis tun farko ita ce rayuwa ta ƙi yi masa mugunta. Gidan da aka haife shi na nan tsaye, yana hango shi daga tagar kicin ɗinsa. Bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, bai taɓa kwana a kurkuku ba, giya kuma ciwon kai take sa shi. Ya taɓa sauka ramin kwal yana saurayi, ya ga duhun ya yi yawa, ya hau bai koma ba. Mutum irin wannan, a kiɗan da ba a rera komai sai rashi da kewa, da me zai yi waƙa? Ga shi kuwa burinsa a duniya bai wuce ɗaya ba: ranar Asabar da yamma, in an taru ana kiɗa a zauren 'yan kwana-kwana, wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Arlis, yi mana taka!" Ana cewa da shi ya yi ta wane, ya yi ta wance, amma tasa, ba a taɓa ba.

Don haka yake aron bala'i. Ya kashe karen Verlin sau biyu a waƙa. Ya sa matarsa Glenna ta gudu da direban tirela, ya zo ya rera mata tana feraye dankali. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Motar tasa ce ko ta kamfani?" Bayan Goggo ta kafa doka kuwa, alƙalaminsa ya bushe ƙaf. Ya koma zama a baranda yana kallon banjo kamar sun yi faɗa.

Glenna ce ta ji labarin wata ƙungiyar masoya kiɗan da ke ɗaukar nauyin makaɗa masu tasowa, su je wani masauki a duwatsun jihar North Carolina su yi mako guda ana koya musu tsara waƙa, mota da makwanci da abinci duk a kan ƙungiyar. Ba ta yi shawara da shi ba, ta aika musu da waƙar rediyon nan. Aka ɗauke shi. Yana neman shekara sittin.

"Mai tasowa!" in ji Verlin. "Tun ina da gashi a ka kake tasowa, har yau ba ka miƙe ba."

Abin da ya faru a can, daga bakin Arlis na ji, sai ranar ƙarshe da na gani da idona. Yana sauka daga mota, malamar da ke koyarwa, wata dattijuwa mai suna Marcella, ta rungume shi. "Sannu da haƙuri. Mun saurari waƙar mahaifiyarka, ba wanda bai yi hawaye ba." Arlis ya buɗe baki zai gyara zance, ya ga idonta ya sake cikowa, sai ya ji kansa yana cewa, "Na gode. Sai haƙuri."

Shi ke nan ya zama maraya. Samari masu gemu da 'yan mata masu huda a hanci suka bar masa kujerar da ta fi laushi. In an zuba abinci, a ƙara masa. Da yamma kuma sai ya lallaɓa bayan wata bishiya ya kira gida, don Goggo ba ta yarda a wuni ba a gaishe ta ba. Wata mai goge a cikinsu, Tamsin, ta taɓa wucewa, ba ta ga wayar ba, ta dai ji shi yana raɗa yana kallon sama: "To, Mama. Ina cin abinci, Mama. Can wurinku akwai sanyi?" Ta koma ɗaki da gudu tana kuka, ta rubuta waƙa a kai.

A aji ne abin ya fi yi masa zafi. Malama Marcella ta saurari waƙoƙinsa duka.

"Wannan jirgin, ka taɓa shigarsa?"

"A'a, Malama."

"Kurkukun fa?"

"Nakan wuce ta gabansa da yara."

"Na ji a jikina. Duk waɗannan na wasu ne, aro ka yi. Ta mahaifiyarka ce kaɗai ta gaskiya. Ka ba ni abin da ba mai iya rubutawa sai kai."

Yana cikin wannan gumin Glenna ta kira. An gayyaci iyalai zuwa wasan rufewa, kuma Goggo ta riga ta goge rigarta ta coci. Ta ce tana so ta ga inda ake koya wa tsoho ƙarya kyauta.

Arlis ya ce ya yi tunanin ya bi daji ya gudu, sai ya tuna gwiwarsa. Ya je ya sami Malama a baranda, ya zayyana mata komai tun daga rediyo har kek ɗin kanti, ya ce in za a karɓe tallafin a karɓe, yana da ɗan abin da zai biya a hankali. Ta yi ta dariya har sai da ta riƙe ginshiƙi. Da ta samu numfashi ta ce, "Bawan Allah, ga waƙarka nan a hannunka, kana yawon kashe karnukan mutane!"

"Ta hana, Malama."

"Wannan kuma tsakaninka da ita."

Ranar rufewa muka iso da la'asar, ni da Verlin da Glenna, Goggo a kujerar gaba tana gyara mini tuƙi tun daga gida. Ta zauna a layin farko, jaka a cinya. Malama ba ta gaya wa kowa komai ba. Da aka kira Arlis, ya hau da banjo, fuskarsa kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Kafin in fara," ya ce, "ga mahaifiyata nan."

Tamsin ta yi wata 'yar ƙara, ta kama hannun na kusa da ita. Goggo ta juyo ta ɗaga musu jaka. "Ku kwantar da hankalinku, 'ya'yana. Na saba."

Arlis ya sunkuyo. "Mama, izini nake nema."

"Na me?"

"Zan saka ki a waƙa."

"Me na ce maka?"

"Na tuna. Shi ya sa nake tambaya."

"A raye ko a mace?"

"A raye. Kina cin kaza."

Ta dube shi sama da ƙasa, mu kuma muna kallonta. In ta ce a'a, Arlis ba shi da wata, sai dai ya sake kashe karen Verlin a gaban mai shi.

"Novella na ciki?"

"Tana baiti na biyu."

"Da kek ɗin?"

"Har da murfin roba."

Goggo ta gyara zama. "To rera."

Ya kaɗa, ya ɗauko tun daga fari, layin motoci da baƙar kwat ɗin Fasto, har ya zo amshi:

"Ban mutu ba, ban yi niyya ba,
Wakena na kan wuta.
Amma ku shigo da su tunda kun dafa,
In ga wa ke sona."

A baiti na biyu ta tsayar da shi. "Kek ɗin ba na lemo ba ne, na kwakwa ne." Ya gyara nan take, waƙar ba ta ko yi tuntuɓe ba. Da amshin ya sake zagayowa, ɗakin duka ya ɗauka, sai ga wata siririyar murya can sama da ta kowa, irin wadda muke ji a benci na uku a coci tun muna yara. Marigayiya ce ke yi wa ɗanta amshi. Na waiga na ga Glenna tana dariya tana share ido da takardar shirin taron.

A hanyar dawowa Goggo ta yanke hukunci: banjon ya yi sauri, kuma bai ambaci cewa ta mayar wa kowa kwanonsa a wanke ba. Amma ta ce a rera mata kuma, ba sau ɗaya ba, kafin mu tsallaka iyakar jihar Virginia.

Yanzu ba a tashi daga zauren 'yan kwana-kwana sai wani ya ɗaga murya daga baya: "Arlis, yi mana taka! Ta kwanuka!" Wadda ta fara kiran nan, Novella Combs ce. Ta ce tunda sunanta ya riga ya fita, gara a riƙa faɗinsa daidai. Tun daga lokacin kuma takan gasa kek da hannunta ta kai wa Goggo haka kawai, wai don in abin ya zo da gaske kada a ce ba ta yi ba.

Tsokana dai ba ta ƙare ba. Kwanan baya muna zaune a gidan mai, Arlis ya shigo da motar makaranta shan mai. Verlin ya leƙa ta taga.

"Mai tasowa! Wa za mu binne wannan Asabar? In gaya wa matata ta fara soya kaza?"

Arlis ya sauko a hankali, ya rufe ƙofar, ya gyara hula.

"Ku yi ta dariya," ya ce. "Amma a cikinku wa ya taɓa cin abincin makokin uwarsa, ita da kanta tana tsaye a kansa tana cewa ya ƙara?"