Maganin haske, amma ban da rana

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba. Masu cigiyata ku yafe ni, jinya na yi.

Mutanen Hunkuyi sun san ni zabiya ce, fatata ba ta jure rana, sana'ata kuma shanyar tumatir. Wani ɗan gyambo ya fito mini a kunne, ya yi ɓawo, ya faɗi, ya dawo. Na shafa man kaɗanya har na gaji.

A Zariya aka yanki ɗan nama aka auna. Likita ta ce kansar fata ce, rana ce ta jawo, amma ba ta yi zurfi ba. Na tambaya ko za a yanke kunnen. Ta ce a gwada maganin haske tukuna, ta tura ni Abuja. Kuɗin masararmu ta bana can suka tafi.

Nan kaina ya ɗaure. Rana ta sa ciwo, haske kuma zai cire?

Aka shafa mini wani mai, aka rufe awa uku, aka haska jar fitila. Raɗaɗi kamar an watsa barkono. Ƙanwata Rabi mai karatun kimiyya ta ce man ne ke shiga ciwon, haske ya tashe shi ya kashe ciwon. Wai har masu bincike na gwada wasu 'yan dunƙulen ƙarfe da ido ba ya gani, su yi wannan aikin. Na ce ƙarfen da na sani na garma ne, ta bar ni da abin da ya ishe ni.

An ce kwana biyu kada rana ta taɓa ni. Na ji, ban gane ba. Washegari, bayan na dawo gida, Innata ta ce, "'Yar nan, in haske ne maganin, ga na Allah kyauta a tsakar gida." Ni ma na ga gaskiyarta. Na shimfiɗa tabarma, na juya wa hantsi kunnen.

Kafin azahar wurin ya kumbura ya yi bororo. Na yi kuka sosai, na ɗauka kunnen ya tafi ke nan.

Likita ta ce a waya, "Fitila muna auna ta. Rana wa zai auna?"

Ƙunar ta warke, aka sake haskawa. Jiya aka duba, babu komai. Kunnena na nan, Alhamdulillah.

Na gode wa likitoci, da maigidana, da ku masu addu'a. Gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti. Abin da ba ku gane ba, ku sake tambaya ko da za a yi muku dariya.

Shanya na bar ta. Inna har yau ba ta tayar da zancen ba, amma ko ƙofar ɗaki na leƙa, sai ta biyo ni da malafa.